Ba a San Maci Tuwo Ba Sai Miya Ta Ƙare

Ranar da aka yi miyar taushe da tantaƙwashi, kowa maci tuwo ne. Yaron da kullum sai an lallashe shi, ran nan shi ke fara wanke hannu. Bahaushe bai yarda da shaidar irin wannan rana ba, shi ya sa ya ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. In aka kai ga gaya, ga malmala a akushi babu abin dangwalawa, a nan ake gane wanda tuwon ya kawo da wanda romo ya jawo.

Galibi kan abokai ake jawo maganar, masu cika zaure lokacin samu su watse ranar rashi. Gaskiya ne. Amma ni a madafa na fi ganin nauyinta, domin kafin miya ta ƙare a kwano ta riga ta ƙare a hannun mai girki, kuma ita ke fara sani.

Dubi matar ƙauye a tsakiyar damina, wajen watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai shigo gida ba. Babu nama, babu kifi, man gyaɗa sai a cokali. Za ta ɗebo garin kukar da ta adana, ta daka daddawar kalwa da barkono, ta jefa 'yar kanwa, ta kaɗa da maburgi. To amma wahalar tuwo ba ta raguwa don miya ta talauce. Surfen nan dai sai an yi shi, a wanke, a kai niƙa, a tankaɗe. Sai ta yi talge ta jira ya nuna, ta zuba gari ta kama muciya da hannu biyu, ɗanyen icen damina na tura mata hayaƙi a ido, sannan ta kwashe da mara. Duk wannan tana yi ne tana sane cewa yau babu wanda zai yi santi. Girkin ranar Sallah akwai yabo a cikinsa. Na irin wannan dare ƙauna ce kawai ke sa a tsaya a gyara shi.

Birni ma bai tsira ba. A 2016 wata tsutsa mai suna Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Mata suka koma ga kauɗa, wasu suka riƙa ƙara kabewa ko karas don miya ta yi auki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, kuɗin cefane ya daina kaiwa inda ya saba, dabarun nan suka zama na kullum a gidaje da yawa.

Mu mutane ne masu kunya. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, balle ta dube shi ta ce tana ƙaunarsa. Sai dai ya tarar da tsoka a ɓoye ƙarƙashin tuwonsa, ko ɗumame na jiransa da sassafe. In ya ce, "Inna, ke fa?" ta ce, "Na ci a madafa, ci abinka." Sau da yawa ƙanzo ne rabonta, yaron kuma ba ya ganewa sai ya girma ya fara ba da kuɗin cefane da hannunsa.

Shi ya sa raina ke ɓaci da magidancin da zai buɗe kwano ya yamutsa fuska, ya zura takalmi ya tafi wajen mai tsire shi kaɗai, ya goge baki ya dawo. Shi ya san abin da ya bayar da safe. Maci tuwo shi ne wanda zai zauna ya cinye, ya ɗaga murya yadda yara za su ji ya ce, "Sannu da aiki, Allah ya yi albarka."

Iyayenmu sun yi wa ranar rashin miya tanadi da ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gida, a haɗa wuri guda, hannu ya shiga ko'ina. Mai miyar nama da mai kuka tsura duk su tashi a ƙoshe, ba a san na wa ya gaza ba. Na sha ganin dattijo ya tsallake kwanon da ke ƙamshin man shanu ya fara da mafi rauni, don kada a mayar wa matar gidan da tuwonta ba a taɓa ba. A sababbin unguwanni masu dogayen katangu al'adar na ja da baya, maƙwabci kan kwana da gaya ba wanda ya sani.