Daniyel a Makarantar Sarki: Gargaɗi ga 'Ya'yanmu Masu Tafiya Koleji

Karatu: Littafin Daniyel, sura 1.

Kowace shekara, sa'ad da aka buɗe makarantu, Ekklesiyoyinmu sukan sallami samari da 'yan mata da yawa zuwa koleji da jami'a. Waɗansu za su Zariya, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, waɗansu Jos, waɗansu Maiduguri ko Kano. Muna murna da wannan ƙwarai, gama daga 1948 har 1960 makarantar jami'a ɗaya tak ke cikin Nijeriya, wato ta Ibadan. Amma tare da murnan nan akwai tsoro. Yaro yakan tafi da bangaskiya, ya komo da takardar shaida kaɗai. Wani kuwa ya komo ba ko ɗaya.

Ya ku 'ya'yanmu da ƙannenmu, bari mu duba wani saurayi wanda ya riga ku shiga wannan hali. Sarki Nebukadnezzar ya kwashi samarin Yahuda zuwa Babila, ya sa a koya masu harshen Kaldiyawa da littattafansu har shekara 3, kāna su shiga aikin sarki. Ashe, koleji ke nan. Daniyel yana nesa da gida, ba uba, ba firist, ba mai ganinsa. Aka sāke masa suna, bai yi gardama ba. Aka ba shi karatun baƙi, ya karɓa. Amma da aka kawo abincin sarki da ruwan inabinsa, sai ya ƙi, gama ya riga ya yanke shawara cikin zuciyarsa ba za ya ƙazantar da kansa ba. Ku lura, shawaran nan ta riga jaraba zuwa. Wannan ita ce maganarmu duka: abin da ba za ka yi a makaranta ba, ka yanke shi tun kana ɗaure akwatinka a gida.

Na fari, zancen karatu. Daniyel bai ce shi mai ibada ne ya bar littafi ba. Ran da sarki ya gwada su, ya iske shi da abokansa sun fi masanan ƙasar har sau 10. A jami'o'inmu makin kowane zango ana tara shi ne bisa na baya, tun daga shekarar fari har ta ƙarshe. A inda ake ƙidaya bisa 5, sai wanda ya kai 4.50 ke samun daraja ta ɗaya. Wanda ya yi wasa da shekarar fari, yana cewa da sauran lokaci, za ya ɗauki wannan kaya har ya gama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku shiga aji kowace rana, ku sake karanta darasi ran da aka koyar, abin da ba ku gane ba ku tambaya ba kunya. Kada kuma taron addu'a ya zama maɓoyar ragwanci. Wanda ya kwana yana waƙa a majami'a, ya fāɗi jarrabawa da safe, bai ɗaukaka sunan Ubangiji ba.

Na biyu, abincin sarki. A makaranta yana zuwa cikin akushi iri iri. Akwai satar amsa a ɗakin jarrabawa; dokar ƙasa ta 1999 ta sa mata hukuncin tara ko ɗauri, makarantu kuwa suna korar wanda aka kama. Ko ba a kama ka ba, ka tuna likitan da ya haye da sata za ya riƙe ran mutum a hannunsa. Akwai ƙungiyoyin asiri, masu yi wa sabon ɗalibi alkawarin tsaro da girma. Shigarsu da sauƙi, fitarsu sau da dama da jini. Akwai giya da ƙwaya, da caca cikin wayar hannu mai cinye kuɗin makaranta a dare ɗaya. Akwai kuma mai kuɗi ko malami wanda za ya ce wa yarinya ta sayi maki ko sutura da jikinta. Ke 'yarmu, kada ki ɗauki wannan nauyi ke kaɗai, kada ki yi shiru. Ki gaya wa iyayenki, da fastonki, da shugabannin makaranta. Laifin na mai neman ne, ba naki ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Gara garin kwaki da salama da nama mai ƙugiya a ciki.

Ku lura kuma da yadda Daniyel ya ƙi. Bai yi zagi ba, bai tada faɗa ba. Ya roƙi wakilin da ladabi a gwada su kwana 10 da ganye da ruwa. Haka ku ma. Za ku kwana ɗaki ɗaya da Musulmi, da mutumin wata kabila, da wanda ba ya sujada ko kaɗan. Ku gaishe su, ku ci tare da su, kada ku raina addinin kowa, kada ku sa baki cikin gardama mai zafi. Halinku shi ne wa'azin da za su fara ji.

Na uku, abokai. Daniyel bai tsaya shi kaɗai ba. Yana da Hananiya, da Mishayel, da Azariya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Cikin makon fari ku nemi taron masu bi. Ƙungiyar ɗalibai Kirista da ake kira FCS, wadda aka fara a Gindiri a 1957, tana cikin makarantu da yawa na Arewa. Ku sami aboki ɗaya ko biyu waɗanda za su iya tsauta maku. Idan kewar gida, ko rashin kuɗi, ko faɗuwa cikin wani darasi ta nauyaya zuciyarka har barci ya ƙi, ka faɗa wa wani, ka je asibitin makaranta. Wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Idan kuwa yajin aikin malamai ya komo da ku gida, kamar na 2022 da ya kai wata 8, kada ku zauna a bakin titi; ku kama gona ko sana'ar hannu.

Ku iyaye da dattawan Ekklesiya, muna da namu rabo. Wa ya koya wa Daniyel shari'ar Allah tun kafin Babila? Ba gida ba ne? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada tambayarmu ta tsaya kan maki kaɗai. Mu tambayi yaro su wane ne abokansa, ina yake sujada, me yake ci. Idan ya fāɗi, mu ji shi kafin mu yi faɗa, domin kada tsoronmu ya kore shi zuwa ƙarya. Mu ambaci sunayensu cikin addu'a ran Lahadi.

Allah wanda ya tsare Daniyel a Babila yana nan a Zariya da Jos. Ubangiji Yesu ya kiyaye fitarku da komowarku, ya ba ku ilimi tare da tsoronsa. Amin.