Jaririn da ke tashi cikin dare, nauyin wa ne?

'Yan uwa, ana yawan tambayata: jariri na tashi sau huɗu, sau biyar cikin dare, ko a raba shi da gadon uwarsa? Ni dai ban ga laifin yaro ba. Cikinsa ƙarami ne, nono na saurin narkewa, ga ƙamshin uwa kusa da hancinsa.

Maigida ne ke damuna, wanda zai ɗauki filo ya koma falo, da safe kuma ya nemi koko kan lokaci. Ayar da ta ambaci shayarwa shekara biyu, Baƙara 233, ita ta ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa bisa ma'arufi. A fahimtata, barcinta ma yana cikin ma'arufin nan. In ya ƙoshi, karɓe shi malam, ka sa shi gyatsa, ta ɗan rintsa kafin asuba.