Ungulu da Kan Zabo a Gidan Abinci

Daren Asabar ne a wani gidan abinci a Landan, kowane tebur cike, hayaniya kamar ranar kasuwa. Wata mata ta ɗora yatsa a kan miyar kayan lambu a takardar jerin abinci, ta ɗaga kai ta dubi saurayin da ke tsaye da ɗan littafi a hannu. "Don Allah, da me aka haɗa romon? Ba na cin duk abin da ya fito daga jikin dabba." Tebura shida na jiran saurayin, ga manaja yana harararsa daga bakin kanta. Tsakaninsa da kicin taku ashirin ne, amma kuku a irin wannan lokaci ba abin tunkara ba ne. Sai ya yi murmushi ya ce, "Babu komai a ciki, madam, ganye ne zalla." Ya rubuta, ya wuce. Bai taɓa buɗe tukunyar nan ba. A gindinta kuwa ƙasusuwan kaza ne suka wuni suna dahuwa.

Duk wanda ya zauna da masu wannan tsarin ci ya ji irin labarin, wani da miya, wani da shinkafar da aka soya da man shanu, wani da cukun da aka barbaɗa masa a taliya bayan ya roƙi kada a saka. Ƙorafinsu a kan gidajen abinci ba ya ƙarewa. Akwai dogon jira, akwai kallon banza, akwai ma'aikacin da zai ja tsaki ƙasa-ƙasa, akwai ranar da kowa a tebur zai ci ya ƙoshi a miƙo musu ganyen latas da tumatir yanka uku, a kuma caje su kuɗin nama. Waɗannan rashin ladabi ne. Mutum ya haɗiye, ya biya, gobe ya sauya wuri. Amsar saurayin can daban take. Sunanta ha'inci, kuma ta fi sauran muni domin da fara'a ake kawo ta, wanda aka yi wa ma har godiya yake yi.

Sunan da suke kiran kansu da shi, vegan, bai daɗe a duniya ba. A watan Nuwamba na 1944 wani malamin koyar da aikin katako a Leicester, Donald Watson, da abokansa 'yan kaɗan suka ware daga sahun masu ƙin nama kawai, suka ce su har madara da ƙwai sun bari. Suka yanko kai da wutsiyar kalmar Turanci ta masu ƙin nama suka haɗa, suka kafa ƙungiyar Vegan Society. Mai bin wannan hanya a yau ba ya cin nama ko kifi ko ƙwai, ba ya taɓa madara da cuku da man shanu, yawancinsu har zuma sun yafe. Wasu tausayin dabba ne ya kai su, wasu lafiya, wasu damuwa da abin da kiwo ke yi wa ƙasa da yanayi. Wanda ya tashi inda ake auna karamci da yawan tsokar da aka ɗora wa baƙo yana iya ganin abin tsirfa ne, kuma ba a hana shi ba. Amma a Janairun 2020 wata kotun ma'aikata a Norwich ta yanke cewa wannan ƙauracewa, idan don aƙida ake yin ta, tana cikin abubuwan da dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta ba kariya. Ko ba a je kotu ba ma, babu wanda ya nemi mai sayar da abinci ya yarda da aƙidar mai saye. An dai nemi ya faɗi abin da ke cikin tukunya.

Abin da ya sauƙaƙa ha'incin shi ne kayan dabba sun iya ɓuya. Bahaushe ya san a yi wa rogo kallon kitse; a kicin ɗin Turai kitsen ne ake yi wa kallon rogo. Ruwan ɗanɗanon nan na Worcestershire da ake ɗigawa a miya, da ƙananan kifaye ake haɗa shi. Cukun Parmesan na asali ba ya kamawa sai da wani sinadari da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi. Alewa mai danƙo da kayan zaƙin da ke rawa a faranti, jelatin ne ke riƙe da su, shi kuwa daga fata da ƙashin shanu ko alade ake dafo shi. A girkin Tailan ruwan kifi yana shiga miya kamar yadda daddawa ke shiga miyar kuka. Burodin da ke ɗaukar ido da sheƙi, sau da yawa ƙwai aka shafa masa. Ido ba ya kama ko ɗaya, harshe ma ba kullum ba. Mai ci ba shi da madogara sai bakin wanda ya dire masa farantin.

Manyan kamfanoni ma sun taka wannan rawa. A 1990 McDonald's ya sanar a Amurka cewa ya daina soya dankalinsa da kitsen shanu, ya koma man tsirrai. Masu ƙin nama suka yi murna, mabiya addinin Hindu da ke girmama saniya suka shiga saye hankali kwance. Abin da ba a faɗa ba shi ne, tun a masana'anta ake ba dankalin ɗanɗanon naman shanu kafin a daskarar da shi, a jerin kayan haɗi kuma sai a lulluɓe shi da sunan da ba ya nuna komai. Aka fi shekara goma ana haka. A 2001 wani lauya a Seattle, Harish Bharti, ya shigar da ƙara. Da labari ya isa Indiya, masu zanga-zanga suka farfasa wani reshen kamfanin kusa da Mumbai, duk da kamfanin ya ce dankalin da yake sayarwa a can ba ruwansa da shanu. A 2002 McDonald's ya nemi afuwa a fili, ya amince ya biya dala miliyan 10, akasari ga ƙungiyoyin masu ƙin nama da na Hindu. Kariyar da ya fara kawowa ita ce wai bai taɓa cewa dankalin na masu ƙin nama ba ne. Wato bai yi ƙarya da baki ba, ya bar mutane su yi wa kansu. Mutumin da ya haɗa ungulu da kan zabo shi ma ai bai ce uffan ba, kan ne ya yi masa magana.

Bahaushen da ya taɓa zuwa Turai ko Amurka ba ya bukatar dogon bayani a nan. Shi ma ya tsaya a gaban kanta yana tambaya ko da alade a ciki, ko an zuba giya a miya, ko naman yankan Musulmi ne, har wasu kan nemi abincin 'yan vegan ɗin don su huta da kokwanto. Ya san yadda gaba ke faɗuwa idan "babu" ta fito da sauri fiye da kima. A Dearborn ta jihar Michigan, inda Larabawa Musulmi suka yi yawa, an kai McDonald's da mai riƙe da wani reshensa ƙara bisa zargin sayar da kazar da ba halal ba da sunan halal. A 2013 aka sasanta a kan kimanin dala 700,000, ba tare da sun amsa laifi ba. A shekarar ce kuma aka gano burbushin alade a abincin halal da ake kai wa fursunoni a Ingila. Mai gudun alade da mai gudun ƙwai ba su haɗa dalili ba, amma rami ɗaya ake gina musu.

Uzurin da ake fakewa da shi a kicin sananne ne: ai ɗan cokalin man shanu ba zai kashe ta ba, ba ma za ta sani ba.

Rabin farko na wannan magana ya sha ƙaryata kansa. A Disambar 2017 wata uwa mai 'ya'ya biyar ta sayi naɗin burodi da kayan lambu a shagon Pret A Manger a garin Bath. Jikinta ba ya karɓar madara ko ɗigo, shi ya sa ta zaɓi wanda aka ce na 'yan vegan ne. Ashe yogot ɗin kwakwa da ke ciki ya gauraya da sinadarin madara tun daga inda aka sarrafa wani kayan haɗinsa. Ta yanke jiki ta faɗi a titi, ta cika a asibiti. Binciken da aka kammala a 2022 ya nuna masu yin yogot ɗin suna da takardun da suka yi nuni da wannan haɗari, amma gargaɗin bai isa ga masu saye daga hannunsu ba. A Easingwold kuwa, a arewacin Yorkshire, wani mutum mai shekara 38 ya sayi abinci a Janairun 2014 ya ce kada a saka masa gyaɗa, aka ma rubuta haka a murfin mazubin. Mai gidan abincin, wanda bashi ya yi wa katutu, ya riga ya musanya garin almon mai tsada da wani mai araha da gyaɗa a ciki. A gidansa aka tsinci gawar mutumin. A 2016 kotu ta ɗaure mai gidan abincin shekara shida. Mai kawo abinci ba ya iya gane wanda ke tambaya don aƙida da wanda ke tambaya don ransa, harshen da ya saba da "babu komai" kuwa ba ya tsayawa tantancewa.

Rabi na biyu, wai ba za ta sani ba, shi ne ha'incin kansa. Mai hatsin nan da Manzon Allah (SAW) ya tura hannu cikin tarinsa a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, lissafinsa ke nan shi ma: mai saye ba zai gane ba sai ya kai gida.

Sai dai a yi wa saurayin nan adalci. Ga takwarorinsa a Amurka, mafi ƙarancin ladan da dokar tarayya ta yanka wa ma'aikacin da ke samun tukwici dala 2.13 ne a awa, kuma bai motsa ba tun 1991. Abincin irin wannan ma'aikaci yana hannun fara'ar baƙo, "ban sani ba, bari in tambayo" kuwa tana cin lokaci, ga tsawar kuku. Wani ma bai yi wata guda da fara aiki ba, babu wanda ya zaunar da shi ya nuna masa abin da ke shiga kowace miya. Kaso mafi tsoka na laifin yana wuyan mai gida, wanda ya buga ɗan koren ganye kusa da sunan abinci don jawo ciniki, bai ware kasko ba, bai ware ludayi ba, ya kuma mayar da kicinsa wurin da tambaya ke jawo faɗa. Duk da haka, talaucin mai magana ba ya mayar da romon kaza ruwan ganye.

Su ma masu tambayar ba duka ne waliyyai ba. Akwai wanda zai faɗo gidan gasa nama lokacin da ake tsananin cunkoso, ba tare da ya buga waya ba, ya tsare ma'aikaci da titsiye, sannan ya ruga intanet ya ɓata sunan ƙaramin shago a kan kuskuren da aka amsa aka ba shi haƙuri. Kuskure daban, ha'inci daban, kuma hukumomi sun nuna inda iyakar take. A 2019 wani ɗan vegan ya kai Burger King ƙara a Florida domin ana gasa Impossible Whopper, mai ƙullin tsirrai a madadin nama, a magasar da ake gasa naman shanu. Alƙali ya kori ƙarar a 2020, domin kamfanin ya yi alkawarin ƙulli marar nama ne, bai yi alkawarin magasa daban ba. A Afrilun shekarar kuma hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta haramta tallan Rebel Whopper na wannan kamfani, saboda ya sa mutane sun ɗauka abincin 'yan vegan ne, alhali tare da nama ake gasa shi, ga ƙwai a cikin mayonis ɗinsa. Abinci kusan iri ɗaya, hukunci biyu, kuma dukansu sun tsaya ne a kan abin da aka sa mai saye ya yi zato.

A 2023 wani kuku a Perth ta Ostireliya ya sanar cewa ya hana 'yan vegan shiga gidan abincinsa, bayan wata mata ta yi ƙorafi a kan abin da aka ba ta. Aka yi ta cece-kuce a kan haramcin. Haramcin dai rashin kara ne, amma babu ha'inci a ciki, wanda ya ji ya san inda ba zai kai kuɗinsa ba. Laifin yana can baya: matar ta tuntuɓe shi tun kafin ta zo, ya ce zai tanadar mata, ya manta.

Doka ta yi nata ƙoƙarin. Tun Disambar 2014 wajibi ne gidajen abinci a Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai su iya faɗa wa mai saye ko abincinsu na ɗauke da ɗaya daga abubuwa 14 da aka fi sani da tayar da borin jini. Daga Oktoban 2021 a Birtaniya aka ƙara da dokar da ake kira Dokar Natasha, sunan yarinya mai shekara 15 da riɗin cikin burodi ya yi ajalinta a 2016: abincin da aka naɗe a shago kafin mai saye ya zo, dole a rubuta duk kayan haɗinsa a jiki. Madara da ƙwai da kifi suna cikin 14 ɗin. Nama ba ya ciki, haka kitsen alade da zuma, kalmar vegan kanta kuma dokar abinci ta Birtaniya ba ta yanka mata ma'ana ba. Da matar nan ta Landan ta nace sai an ɗauko mata babban fayil ɗin abubuwan borin jini da ke ƙarƙashin kanta, da ya gaya mata ko akwai seleri ko alkama a miyarta. A kan ƙasusuwan kazar kuwa babu layin da aka ware.