Kyauta Ce Ko Aro?

Sau da yawa a kan kawo mana ƙara irin wannan a gidan fasto. Wa ya sayi sabuwar mota, ya miƙa wa ƙanensa makullin tsohuwar, ya ce, "Ga ta, ka riƙa hawa." Ƙanen ya yi godiya, ya sake taya, ya gyara inji da kuɗinsa, ya shekara uku yana hawa. Ran nan suka ɓata, sai wan ya aiko a karɓo motarsa. Ƙanen ya ce ai kyauta ce. Wan ya ce aro ne, ga shi kuwa sunansa ne a takardu. To, motar ta wa ce?

Bari mu fara da abin da shari'a ta ce. Bisa ga dokar da muka gada daga Ingila, kyauta irin wannan ba ta tabbata sai abu uku sun cika: mai bayarwa ya yi niyyar rabuwa da abin ɗungum, ya miƙa shi, mai karɓa kuwa ya karɓa. A shekara ta 1890 wata babbar kotu a Ingila ta yi shari'a a kan wani doki wanda mai shi ya ce ya ba wani rubu'insa da baki kawai. Alƙalai suka ce maganar baki ba tare da miƙawa ba ba ta mai da abu kyauta. Maƙwabtanmu Musulmi ma, a mazhabar Malikiyya, haka su ke cewa: kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya riƙe ta a hannu. Idan mai bayarwa ya rasu kafin haka, abin ya koma cikin gado.

Wato a maganar 'yan'uwan nan biyu, an miƙa, an kuma karɓa. Abin da ya rage shi ne niyya, niyya kuwa a zuci ta ke, alƙali ba ya ganinta. Domin wannan ne ya kan nemi shaidu da takardu. Suna a takardar mota ba shi kaɗai ne ke nuna mai ita ba, amma shaida ce mai nauyi, wanda ba shi da ita kuwa zai sha wahala.

Waɗansu su kan ce, "Haba, tsakanin wa da ƙane har sai an yi rubutu? Ai wannan rashin yarda ne." Mu ba mu ga haka ba. Ku tuna da Ibrahim sa'ad da Saratu ta rasu, cikin Farawa sura 23. Efron ya ce ya ba shi kogon Makfela da gonar kyauta, amma Ibrahim ya auna masa shekel 400 na azurfa a gaban mutanen gari, domin kada wani ya tā da maganar daga baya. Irmiya kuma, cikin sura 32, ɗan kawunsa ne ya sayar masa da gona a Anatot a kan shekel 17, duk da haka ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya sa aka ajiye ta cikin tukunyar ƙasa. Gama mutum ya kan mutu, zuciya kuma ta kan sāke. Wan da ya ba da mota da zuciya ɗaya yau, gobe matarsa da 'ya'yansa ne za su tsaya da ƙanen nan, su kuwa ba su ji abin da aka faɗa ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zafi. Wani ya kan bar sunansa a takardu da gangan, domin ya riƙe ɗan'uwansa kamar akuya da igiya. Duk ran da ƙanen ya ƙi bin ra'ayinsa, sai ya tuna masa da motar. Irin wannan ya sayi biyayya ne, ya kuma ci yabon mai kyauta a banza.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga shawararmu. Idan aro za ka bayar, ka ce aro ne tun da fari, ba laifi ba ne, ɗan'uwanka kuwa zai san kayan aro ba ya rufe katara. Idan kyauta ce, ka cika ta: ku rubuta takarda da ranar wata, dattawa biyu su sa hannu, ku tafi ofishin lasin a sāke suna, a gyara takardar inshora kuma. Daga ran nan ka cire zuciyarka daga motar, ko ya sayar da ita ba ruwanka.

Kai kuma da aka ba, doka ta ce motar taka ce, amma ba kotun da za ta tilasta maka godiya, wannan tsakaninka da Allah ne. Ran da wanka ya rasa abin da zai kai matarsa asibiti, kada ka jira ya roƙa.