Gobe ta Allah Ce, Yanke Shawara Naka Ne

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi maza da mata, duk wanda ya mallaki hankalinsa a ƙasar nan ya sha ganin yadda lissafi ke rushewa dare ɗaya. A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa, dubban magidanta suka wayi gari da babur a jingine a zaure, ba su san ta inda cefanen ranar zai fito ba. A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, 'ya'yanmu da ke karatu a can suka baro littattafai da kayansu, aka kwaso su da kyar ta iyakar Masar da Port Sudan. Ba a rufa wata biyu ba, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin mai. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta tsallake 1,000. Wanda ya karɓi adaidaita sahu a kan balas na kullum da lissafin tsohon farashi, shi ya san abin da ya gani.

Shi ya sa tambayoyi suka yi wa mutane katutu. In ajiye aikin gwamnati in kama kasuwa, ko in ci gaba da lallaɓa albashin da ba ya kai wa tsakiyar wata? In koma makaranta ko in shiga koyon gyaran waya? In yi auren bana ko in jira in ƙara tarawa? In sayar da gonar gado in tafi Saudiyya ko Aljeriya? A gaban waɗannan tambayoyi sai ka ga wani ya naɗe hannu shekara da shekaru, kullum amsarsa ita ce yana jiran lokaci. Wani kuma ya rufe ido ya afka, in an ja rigarsa ya ce Allah na nan. Dukansu biyun da ƙaddara suke kafa hujja, kuma dukansu biyun sun yi wa ƙaddara mummunar fahimta.

Ku saurari abin da ya faru da Sarkin Muminai Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, a zamanin annobar Amwas. Ya fito daga Madina da tawagarsa ya nufi Sham. Da ya isa wani wuri da ake kira Sarg, sai kwamandojin rundunoni suka tarbe shi, cikinsu har da Abu Ubaida ɗan Jarrah, suka shaida masa cewa annoba ta sauka a ƙasar. Ga tafiya an ci rabinta, ga jama'a na jira, ga manyan sahabbai a tare da shi. A ci gaba ko a juya?

Umar bai yi barci ya jira mafarki ba, bai kuma ce shi ne shugaba don haka ra'ayinsa ya wadatar ba. Ya ce a kira masa Muhajirai na farko. Suka zo suka saɓa: wasu suka ce ka fito don wani al'amari, bai kamata ka fasa ba; wasu suka ce ragowar sahabban Annabi ne tare da kai, kada ka jefa su cikin annoba. Ya sallame su, ya kira mutanen Madina, su ma suka rabu gida biyu. Sannan ya kira dattawan Ƙuraishawa, waɗannan kuwa ko mutum biyu ba su saɓa ba, suka ce a koma. Nan take ya sa aka yi shela cewa da safe zai hau abin hawansa ya juya.

Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Maganar ta yi wa Umar nauyi, saboda girman mai faɗinta. Ya amsa masa cewa ƙwarai, daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ya buga masa misali da makiyayin raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya kore shar, ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora dabbobinsa, ai cikin ƙaddara ya kora su. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu ya dawo daga wata buƙata, ya ce yana da ilimi a kan wannan, ya ji Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana wanda ke ciki fita don gudu. Umar ya gode wa Allah ya kama hanyar Madina.

To, ga abin da nake so mu tsaya a kansa. Abu Ubaida ya zauna da rundunarsa, annobar ta ɗauke shi a shekara ta 18 bayan hijira, ta ɗauki Mu'azu ɗan Jabal a bayansa. Umar da ya juya, ajalinsa ya same shi a shekara ta 23, bayan an soke shi yana limancin sallar asuba a masallacin Madina, inda kowa zai rantse ya fi ko'ina aminci. Babu wanda ya san gobensa a cikinsu, kuma Allah bai ɗora wa ko ɗayansu sanin goben ba. Ƙarshen Suratu Luƙman ya yanke wannan magana: babu wani rai da ya san abin da zai samu gobe, babu wanda ya san ƙasar da zai mutu. Abin da za a tambaye ka shi ne yadda ka yanke shawarar: da me ka dogara, wa ka tambaya, haƙƙin wa ka taka, wace niyya ka ƙulla.

Farkon abin da mumini zai duba shi ne halal da haram, kuma wannan ba ya ɗaukar dogon lokaci. Aikin da sai ka yi ƙarya ko ka karɓi na goro za ka riƙe shi, bashin da ke da ruwa, safarar ƙwaya ga 'ya'yan mutane, waɗannan ba a neman zaɓin Allah a kansu, domin Ya riga Ya zaɓa maka. Wahalar tana wurin abubuwa biyu da duka halal ne.

A nan sai tambaya, kuma a tambayi wanda ya sani. Mu kan yi kuskure mu kai maganar kasuwa wurin abokin hira a majalisa, wanda bai taɓa sayar da ko ƙullin gishiri ba, ko mu je wurin wanda muka tabbata zai faɗa mana abin da muke son ji. In kana son shiga harkar hatsi, ka je kasuwar Dawanau ka zauna da wanda ya shekara ashirin a ciki, ka tambaye shi kuɗin dako da kuɗin sito da maganin ƙwari, ka tambaye shi labarin waɗanda suka tara masara a ƙarshen 2024 suna jiran ta hau, farashi ya karye a kansu a 2025. In tafiya ce, kada ka ji ta bakin dillali, shi kamishonsa yake nema. Nemi wanda ya je ya dawo. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara daga kudancin Nijar, motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Allah Ya jiƙansu, talauci ne ya koro su, ba ganganci ba. Amma wanda zai bi wannan hanya yau, wajibi ne a gaya masa wannan labari kafin ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe.

Kai kuma da aka zo wurinka neman shawara, ka sani amana aka ɗora maka. Fatima 'yar Ƙais ta zo wurin Annabi (S.A.W.) ta ce Mu'awiya da Abu Jaham suna neman aurenta. Bai rufe ta da addu'a kawai ya sallame ta ba. Ya gaya mata ƙarara cewa na farkon ba shi da abin hannu, na biyun kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, sannan ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Da farko ba ta so ba, daga baya ta aure shi ta ga alheri. Mu kuwa yau, a zo binciken aure a unguwa, kowa ya san yaron yana shaye-shaye, amma sai a ce ba mu san shi da komai ba sai alheri, wai kada a ce mu muka ɓata. Bayan wata shida yarinya ta dawo gida da ciki da tabo a fuska. Wannan shirun zalunci ne, kuma za a tambaye mu.

Sai istihara, wadda muka mayar wani abu daban. Jabir ɗan Abdullahi ya ce Annabi (S.A.W.) yana koya musu ita kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani. Raka'a biyu ce ta nafila, sannan ka ɗaga hannu ka amsa a gaban Ubangijinka cewa Shi ne Mai sani kai ba ka sani ba, Shi ne Mai iko kai ba ka da shi. Ka ambaci buƙatarka, ka roƙe Shi in alheri ce ga addininka da rayuwarka da ƙarshen al'amarinka Ya sauƙaƙe ta Ya sa albarka, in kuwa sharri ce Ya kawar da ita daga gare ka, Ya kawar da kai daga gare ta, Ya ba ka alheri a duk inda yake, Ya sa ka yarda da shi. Babu zancen mafarki a cikin hadisin, babu ganin fari ko kore. Mai buƙata shi ke yin abarsa, ko bayan sallar isha'i a ɗakinsa. Amma ka ɗauki kuɗi da sunan uwar yarinya ka kai wa wani ya zana ƙasa ya gaya maka ko tauraronku ya haɗu, wannan duba ne ko da mai yin sa ya naɗa rawani, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in.

Ina masu cewa ba su da jari, don haka ba su da zaɓi? Abdurrahman ɗan Aufu ya shiga Madina hannu rabbana. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, Abdurrahman ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Ranar farko da ɗan cuku da man shanu ya dawo. Mai son ya tsallake wannan mataki na farawa da kaɗan shi ne abincin 'yan damfara. An ga yadda MMM ta tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, an sake gani da CBEX a 2025, kuma har da masu sallah a sahun gaba cikin waɗanda suka zuba. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi a wata guda ba tare da ka ga hajar da ake saye da sayarwa ba, ka riƙe aljihunka ka yi gaba.

In ka bincika, ka yi shawara, ka nemi zaɓin Allah, to ka ɗaura niyya ka tashi. Ranar Uhudu ra'ayin Annabi (S.A.W.) shi ne a tsaya cikin Madina, matasan da Badar ta wuce su suka matsa a fita. Ya shiga gida ya sanya sulke. Da ya fito sai suka yi nadama suka ce a bi ra'ayinsa, ya nuna musu cewa Annabi ba ya tuɓe sulke bayan ya sa. Aka fita, aka rasa mutum saba'in, cikinsu har da baffansa Hamza. Ku lura da kyau, bayan wannan rashi ne Allah Ya saukar a Suratu Ali Imrana cewa ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya ci gaba da shawara da su, in ya ƙudurta kuma ya dogara ga Allah. Ba a ce masa tunda shawara ta jawo asara a daina ta ba.

Manomin gero a Daura ko Damagaram ya fi mu gane wannan. Yakan zaɓi iri tun kaka, ya kai taki da rani, wani lokaci ma ya yi binne tun ruwa bai sauka ba. In shuka ta ƙone ba ya zama yana zagin kansa, sai ya koma rumbu ya ɗebo sauran irin da ya ajiye ya sake. Ka bar wa kanka sauran iri, ɗan'uwa. Kada ka zuba kuɗin sallamarka na aiki kaf a sana'ar da ba ka gwada ba, kada ka jinginar da gidan da 'ya'yanka ke kwana. In kuma abin ya zo ba yadda ka so ba, ka rufe ƙofar da-na-sani, domin Annabi (S.A.W.) ya gaya mana ta nan Shaiɗan yake shigowa. Asara ba ta nuna cewa istiharar ba ta karɓu ba, ai kai ka roƙa a duba maka har ƙarshen al'amari, kuma ba ka kai ƙarshen ba tukuna.

Iyaye, ku ji tsoron Allah a kan 'ya'yanku. Ku ba su shawara, ku sa musu albarka, amma ku daina tilasta wa yaro karatun da ba ya iyawa don a kira ku baban likita, ku daina ɗaura wa yarinya auren da ba ta so kuna cewa za ta saba. Kai kuma saurayi da ka gama bautar ƙasa, shekara uku ke nan kana zaune kana jiran takardar ɗaukar aiki, da ke 'yar'uwa da kike ta juya magana guda a zuci tun bara, ku yi alwala yau da dare ku yi raka'a biyun nan, gobe da safe ku je ku buga ƙofar wanda ya san harkar ku tambaye shi. Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, Ya sa mu yarda da zaɓinSa.