Karanta Kwalbar Kafin Ka Zuƙi Allurar



'Yan uwana ma'aikatan jinya, maza da mata, yau da ku nake. Mara lafiyar da ya miƙo muku hannu bai san abin da ke cikin sirinji ba, wani ma ba ya cikin hayyacinsa. Yarda kawai ya yi. To wannan amana ce, kuma za a tambaye ku a kanta ranar gobe ƙiyama.

A watan Disamba na 2017, a wani babban asibiti a jihar Tennessee ta Amurka, likita ya rubuta wa wata dattijuwa maganin kwantar da hankali mai suna Versed kafin a ɗauke ta hoto. Nas ɗin ta je akwatin magani mai kwamfuta, ta danna haruffa biyu, VE, ta ɗauki abin da ya fito. Ashe vecuronium ne, maganin da ke tsayar da tsokar jiki har da ta numfashi. Ga gargaɗi a rubuce a kan murfin kwalbar, ba ta lura ba. Baiwar Allah ta rasu. A 2022 kotu ta samu nas ɗin da laifi.

Ba muguwa ba ce, sabo da gaggawa ne suka ja ta. Shi ya sa ake koya muku tun a makaranta: tabbatar da sunan majinyaci, ba lambar gado kaɗai ba, da sunan magani, da adadinsa, da hanyar shigarsa jiki, da lokacinsa. Yaro kuwa da nauyinsa ake auna masa. Rubutun likita bai karantu ba? Koma ka tambaye shi, ko da zai haɗe rai.

Abin da ya fi damuna shi ne a yi sakaci, a yi shiru, a ce wa dangi "kwana ne ya ƙare". Haba! Mun yi imani da ƙaddara, amma ba ta ɗauke alhaki, kuma malaman fiƙihu sun yi bayanin lamuni a kan mai magani idan ya yi sakaci. Waccan nas ɗin, da ta gane abin da ya faru, da bakinta ta faɗa. In kuskure ya auku, a sanar da likita nan take, sau da yawa akwai sauran abin yi.

Ku kuma masu jinya, in kun ga nas tana haɗa magani, don Allah ku bar ta ta gama kafin ku kira ta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.