Wanda Ya Ɗebo da Zafi da Wanda Ya Ƙone

Masu iya magana sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Tarihin fadar Ingila ya nuna cewa idan mai ɗibar sarki ne, bakin wani ke ƙonewa. A duk inda sarki ya ajiye farka akwai mutum uku: sarkin da ke da cikakken zaɓi, matar da zaɓinta ƙalilan ne, da ɗan da ba a yi shawara da shi ba. Shin adalci ne hukunci ya fi nauyi a kan wanda ya fi ƙarancin zaɓi?

Sarki Charles na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1660 zuwa 1685, bai samu magaji da matarsa Catherine ba, amma ya amsa cewa shi ne uban 'ya'ya aƙalla goma sha biyu daga farkokinsa, ya kuma mutu a kan karagarsa. Babban ɗansa, James na Monmouth, ya tashi da sarauta da dukiya, sai dai ƙofar gado a rufe take gare shi tun ranar haihuwa. Da ya nemi buɗe ta da takobi a 1685, aka ci shi da yaƙi a Sedgemoor, baffansa James na Biyu ya sa aka fille masa kai.

Rabon matan bai fi haka daɗi ba. Dorothea Jordan, shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo, ta zauna kimanin shekara ashirin da yariman da ya zama William na Huɗu, ta haifa masa 'ya'ya goma. Ya rabu da ita a 1811, ta rasu cikin talauci a Faransa a 1816. Shi kuwa ya hau karaga a 1830.

Mai kare wannan tsari zai ce doka ta tsare martabar aure, ta kuma hana 'yan uba zubar da jini a kan gado. Hujja ce mai nauyi, amma tarihi bai ba ta gaskiya duka ba. Bayan da magajin Henry na Ɗaya ya nutse a teku a 1120, babban ɗansa Robert na Gloucester, duk da ƙwarewarsa, bai samu karaga ba saboda asalinsa, kuma hakan bai hana ƙasar faɗawa yaƙin basasa har zuwa 1153 ba. Bugu da ƙari, kakan Robert ɗin, William wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ba ta hanyar aure aka haife shi ba. Tabon da ya hana jika bai hana kaka ba, domin kakan ya zo da runduna.

Al'umma tana da ikon tsara wanda zai gaji sarauta, kuma kare aure abin yabo ne. Abin da ba ta da ikonsa shi ne ta ɗauke laifi daga wuyan mai shi ta rataya wa jariri, ko ta jefi mace da dutsen da take tsoron jifan sarki da shi. Tarbiyyar da ke rusuna wa mai ƙarfi tana tsawata wa mai rauni, tsoro ne aka yi wa rawani.